Burst ko breach: fashewa madatsar Alau ta yi, ko ɓallewa?

A daren 9 ga Satumban 2024, wayewar garin 10 ga wata, ruwan madatsar Alau ya shigo Maiduguri. Ya mamaye Gwange da Fori da Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a, har gidan namun dajin Sanda Kyarimi bai tsira ba. Kafin ruwan ya janye, an fara wata gardama a kan sunan abin da ya faru. Wasu jaridun Turanci sun rubuta cewa dam ɗin ya yi burst, wasu suka ce breach aka samu. Ministan albarkatun ruwa, Joseph Utsev, ya fito ya ce madatsar ba ta rushe ba, ruwa ne ya fi ƙarfin wata jinga ya tumbatsa. A Hausa kuwa, yawancin masu ba da labari kalma ɗaya suka kama: ta fashe.

Shin duk abu ɗaya ake nufi? Idan ba ɗaya ba ne, me ya raba su, kuma me ya sa jami'in gwamnati zai tsaya yana zaɓar kalma alhali gari na cikin ruwa?

Abin da burst ke faɗa

Burst tsohuwar kalmar Ingilishi ce, tana cikin harshen tun kafin ya cakuɗu da Faransanci. Ma'anarta ta asali ba ta canza ba: abu ya cika, abin da ke cikinsa ya matsa masa, fatarsa ko bangonsa ya kasa riƙewa, ya buɗe lokaci ɗaya. Balan-balan da aka hura fiye da kima, tayar mota a kan kwalta mai zafi, bututun ruwa, maruru da ya nuna, duk da wannan kalma Bature ke ba da labarinsu.

Abu biyu ne a ƙunshe cikinta. Na farko, ƙarfin daga ciki ya fito. Na biyu, farat ɗaya abin ya auku, ba a hankali ba. Shi ya sa ko da aka ɗauke ta zuwa wajen mutane, wannan ɗabi'a ba ta barinta. Wanda ya ɓarke da kuka ko ya fashe da dariya, da ita ake faɗa a Turanci, kuma ka ga a nan Hausa da Ingilishi sun yi tunani iri ɗaya ba tare da wani ya ari na wani ba. Wanda ya banko ƙofa ya faɗo ɗaki ma haka.

Abin da burst ba ta cika nema ba shi ne mai aikatawa. Taya ta yi burst, magana ta ƙare. Ba wanda ke jiran jin wa ya yi. Ana iya cewa yaro ya fasa balan-balan da ita, amma mafi yawan lokaci abin ne ke yi da kansa.

Abin da breach ke faɗa

Breach 'yar ɗaki ɗaya ce da break, wato karyawa, kuma Faransanci ya ƙara mata ƙarfi ta fuskar yaƙi. Hankalinta ba ya kan abin da ke ciki. Yana kan shinge: ganuwa, katanga, jinga, layin sojoji. An gina abu don ya tsare, sai aka sami kafa a jikinsa, abin da aka tsare ya wuce. Wannan kafar ita ce breach, yin ta ma breach ne.

Masu tarihin Turai da ita suke ba da labarin yadda igwogin Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Muhammadu na Biyu, suka yi ta dukan ganuwar Kustantiniyya a 1453. Da ita kuma rubuce-rubucen Turawan mulkin mallaka ke bayyana yadda rundunar Kanar Morland ta sami kafar shiga birnin Kano a watan Fabrairun 1903. Badala ba ta fashe ba. Tana nan tsaye ta kowane ɓangare, wuri ɗaya kawai aka keta, kuma wurin nan ɗaya ya isa.

Daga nan kalmar ta yaɗu zuwa shingayen da ido ba ya gani. Saɓa yarjejeniya breach of contract ne. Cin amana, wanda dokar Penal Code ta Arewa ta mai da laifi, criminal breach of trust ake kiransa a kotu. Tayar da zaune tsaye breach of the peace ne. Kutse cikin bayanan mutane a kwamfuta data breach ne, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfanin da hakan ta faru da shi sanar da hukuma cikin awa 72 idan abin na iya cutar da masu bayanan. A duk waɗannan babu inda burst za ta shiga. Alkawari ba ya cika har ya fashe, keta shi ake yi.

Sai dai a yi hattara da wani zato da ake yawan yi, cewa breach dole aikin wani ne da gangan. Ba haka ba ne. Injiniyoyi na cewa jinga ta yi breach ko da ruwa ne kawai ya cinye ta. Kalmar sakamako take faɗa, cewa yanzu akwai giɓi a inda da babu. Ba ta faɗi wanda ya yi ba, ba ta faɗi tsawon lokacin da abin ya ɗauka ba. Wannan shirun nata ne ya sa lauyoyi da injiniyoyi da 'yan jarida masu taka-tsantsan ke son ta. Lokacin da madatsar Kakhovka ta Yukiren ta buɗe a ranar 6 ga Yunin 2023, Yukiren ta ce Rasha ce ta dasa abin fashewa, Rasha ta ce harin Yukiren ne, kafafen labarai da yawa sai suka tsaya a kan breach, domin ita ce abin da kowa ya yarda da shi a ranar.

Akwai kuma breech, mai e biyu, da ake furtawa daidai da ita amma ba ruwanta da wannan zance. Ita ce ungozoma da likita ke nufi idan jariri ya taho da ƙafa ko da mazaunai maimakon kai.

Hausa ta raba su ta wata hanya dabam

Ba wai Hausa ta rasa kalmomi ba ne. Ta fi Ingilishi tsari ma a wani gefen, domin ƙarshen aikatau kaɗai na gaya maka ko akwai hannun wani. An fasa tulu, tulu ya fashe. An ɓalla, ya ɓalle. An tsaga, ya tsage. An huda, ya huje. An keta, ya kece. An karya, ya karye. Bahaushe ba ya buƙatar wata kalma ta dabam don ya nuna ko yi aka yi ko faruwa ta yi.

Matsalar ta taso ne daga gaggawar ɗakin labarai. Fashe da fasa sun zama buhun da ake zuba komai. Ka ɗauki gidajen yari. A Kuje, ranar 5 ga Yulin 2022, mahara ne suka zo da abubuwan fashewa suka buɗe katanga, ɗaruruwan fursunoni suka fice. A Suleja, cikin Afrilun 2024, ruwan sama da iska ne suka kayar da tsohuwar katanga. A Maiduguri, ambaliyar Alau ɗin nan ce ta rusa bango, hukumar gidajen gyaran hali ta ce mutum 281 suka tsere. A bakin mutane duka ukun "an fasa gidan yari" ne. Ɗaya ne kawai aka fasa. Sauran biyun bango ne ya faɗi, kuma tambayar da ta dace da su ita ce yaushe rabon da a gyara bangon, ba su wane ne maharan ba.

A ganina, idan ana maganar madatsar ruwa, ɓallewa ce ta fi kusa da breach, fashewa kuma ta tsaya wa burst. Tumbatsa ko batsewa abu ne na uku dabam, kuma a nan ne zancen ya fi daɗi.

Yadda madatsar ƙasa ke mutuwa

Yawancin madatsun Arewa, irin su Tiga da Challawa da Goronyo da ita kanta Alau, ba bangon kankare ba ne zalla. Tudun ƙasa ne da aka daddaɓe, aka bar masa mafitar rarar ruwa da ƙofofi. Irin wannan gini ba ya tarwatsewa kamar taya. Hanya biyu ce ta fi kashe shi.

Ta farko, ruwa ya cika ya hau kansa. Kankare na iya jure ruwa ya bi ta kansa, ƙasa ba ta iyawa. Da zarar ya fara zuba ta baya, sai ya riƙa zaizayar gangaren, ya yi ɗan kwazazzabo, kwazazzabon ya riƙa cin baya har ya kai ga saman tudun. Daga lokacin da ya yanka saman, ruwan tafkin gaba ɗaya ya sami hanya, kuma kowane ɗigon da ya wuce ƙara faɗaɗa ta yake yi. Duk manomin rani da ya taɓa ganin ruwa ya haye jingar fangalinsa ya san yadda kafar da yatsa zai toshe ke zama wadda fartanya ba ta iya tarewa.

Ta biyu ta fi mugunta, don a ɓoye take. Ruwa na tsattsafowa ta cikin tudun ko ta ƙarƙashinsa, yana kwashe ƙananan ƙwayoyin ƙasa, har ya yi wa kansa rami kamar bututu. Abin da ya faru da madatsar Teton a jihar Idaho ta Amurka ke nan, ranar 5 ga Yunin 1976, a karon farko da ake cika ta. Da safe ma'aikata suka ga ruwa mai laka na fitowa daga jikinta. Aka tura motocin tura ƙasa su toshe, ramin ya haɗiye su. Kafin azahar tudun ya ɓalle. Mutum 11 suka mutu, kuma da ba don 'yan sa'o'in nan da aka samu aka yi shela ba, da adadin ya wuce haka nesa.

Kwatanta wannan da Malpasset ta Faransa, wadda siririn bangon kankare ce. Da daren 2 ga Disamban 1959 dutsen da ta jingina da shi ya goce, bangon ya tafi gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, ruwa ya afka wa garin Fréjus, sama da mutum 400 suka halaka. Wannan ita ce burst ta gaskiya, kuma ba ta da yawa a tarihin madatsu.

To, a nan ne maganar minista ke da gaskiya ta wani gefe, ta kuma gaza ta wani. Idan nufinsa madatsar ba ta tarwatse irin ta Malpasset ba, haka ne. Amma tumbatsa da ɓallewa ba kishiyoyi ba ne da za a ce ko wannan ko wancan. A tudun ƙasa, ta farko ce ke haifar da ta biyu. Cewa "ruwa ne ya tumbatsa" bayanin yadda aka fara ne, ba musun yadda aka ƙare ba. Kuma gwamnatin tarayya da kanta ta amince da naira biliyan 80 a 2025 don sake gina madatsar da inganta ta. Ba a kashe irin wannan kuɗi a kan abin da ruwa ya haye kawai ya wuce ya bar shi lafiya.

Me ya sa hukuma ke gudun wata kalma

Kowace kalma na jan tambayarta. Idan aka ce ruwa ya tumbatsa, ido na komawa sama: damina ta yi yawa, sauyin yanayi, ƙaddara. Idan aka ce ta fashe, abin na kama da tsautsayin da ba wanda ya isa ya hango. Idan aka ce ta ɓalle, sai a fara tambayar a wane wuri, me ya sa wurin ya fi rauni, wa ke da alhakin duba shi, nawa aka ware don gyara, ina kuɗin suka shiga. Alau an kammala ta ne a tsakiyar shekarun 1980 a kan kogin Ngadda, kuma ta taɓa jefa Maiduguri cikin ambaliya a 1994. Kwanaki kaɗan kafin ta 2024, tawagar gwamnatin jiha ta je ta duba ta, ta dawo ta kwantar wa mutane da hankali. Duk wanda ke riƙe da ofis ya san wace kalma ce ke kai mutane ga tuna waɗannan.

Amurkawa sun yi irin wannan gardama bayan guguwar Katrina a 2005, lokacin da kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin New Orleans ya nutse. Bayanin farko shi ne ruwa ya fi tsayin shingayen ya haye su, wato bala'i ne da ya wuce abin da aka yi gini dominsa. Da masu bincike suka duba, sai suka gano cewa a wasu muhimman wurare, kamar magudanar titi na 17 da ta London Avenue, bangon ya gaza tun ruwa bai kai samansa ba. Wannan ya mai da zancen daga ƙarfin guguwa zuwa kuskuren zane da gini, kuma rundunar injiniyoyin sojan Amurka da ta yi aikin ta amsa hakan daga baya.

Akwai wani nau'in da burst ba za ta taɓa ɗauka ba, wato ɓalla shinge da gangan. A watan Yunin 1938 sojojin shugaban China Chiang Kai-shek suka buɗe jingar Rawayen Kogi don tare sojojin Japan, ruwan ya hallaka dubban ɗaruruwan 'yan ƙasarsu. A Satumban 2022 hukumomin Pakistan suka yanka jingar tafkin Manchar don su ceci garuruwa masu yawan jama'a, ruwan ya tafi kan ƙauyuka. A irin wannan, wani ne ya zauna ya zaɓi wanda zai nutse. Duk mai fassarar da ya ce "tafkin ya fashe" ya wanke mai zaɓin ke nan bai sani ba.

Kada kuma a haɗa duk waɗannan da sakin ruwa. Kusan kowace damina sai an yaɗa cewa madatsar Lagdo ta Kamaru ta fashe. Ba ta fashe ba, ba ta ɓalle ba. Ƙofofinta ake buɗewa don kada ta kai ga hakan, kuma ruwan da ya bi Binuwai a 2012 da 2022 ya yi ɓarna ne ta wannan hanya, haɗe da ruwan sama mai yawa.

Inda kalma ke zama kuɗi

A yankin Neja Delta wannan bambanci ba na malaman Turanci ba ne, na aljihu ne. Dokar bututun mai ta Najeriya ta tanadi diyya ga wanda malalar mai ta ɓata wa gona ko ruwa, amma ta cire yanayin da wani ne daban ya yi ɓarnar da mugun nufi. Ma'ana, idan bututu ya tsufa, tsatsa ta ci shi, matsin mai ya fasa shi daga ciki, kamfani zai biya. Idan ɓarayin mai ne suka huda shi ko suka yanka da zarto, share wurin na kan kamfani amma diyya ba ta zama dole ba. Shi ya sa duk lokacin da mai ya malala ake haɗa tawagar bincike da wakilan kamfani da na NOSDRA, hukumar da ke sa ido kan malalar mai, da na al'umma, a je a duba bakin ramin. Ƙarfen da ya buɗe daga ciki yakan bankaɗe waje, ramin na'urar huji kuwa zagayayye ne mai tsabta. A kan wannan 'yar shaida ake yin rigimar miliyoyi, kuma al'ummomi sun daɗe suna kukan cewa kamfanin da ake zargi shi ne ke da kayan aunawa da motar zuwa wurin.

Mutanen Bodo a ƙasar Ogoni sun kai ƙara Landan kan malalar da ta fara a 2008, wadda Shell ta amince daga lalacewar bututu ta taso, aka sasanta a kan fam miliyan 55 a Janairun 2015. A Janairun 2021 kuma kotun ɗaukaka ƙara a birnin Hague na ƙasar Holan ta ɗora wa reshen kamfanin na Najeriya alhakin malalar mai a ƙauyukan Oruma da Goi, bisa dalilin cewa bai tabbatar da zagon ƙasa ne ba ta yadda babu sauran shakka.

Abin da ya shafi mai zama a ƙasan madatsa

Turawa da kansu ba sa tsare wannan iyaka koyaushe. Jaridun Ingila na cewa kogi ya yi burst its banks alhali cika kawai ya yi ya malala, kuma mai rubuta kanun labari na son burst don gajera ce kuma tana da amo. Don haka ganin kalmar a kanu ba hujja ba ce a kan abin da ya faru. Sai an shiga cikin labarin an ga me injiniya ya ce.

Amma ga wanda gidansa ko gonarsa ke ƙasan Tiga ko Goronyo ko Dadin Kowa, amfanin sanin bambancin a fili yake. Madatsar ƙasa kan ba da alama kafin ta tafi: ruwa ya kusa kai samanta, tsagewa a kan tudun, wani wuri ya lotsa, danshin da ba a saba gani ba a gangaren baya. Mafi hatsari ita ce ruwan da ke tsattsafowa ya sauya daga garau zuwa mai laka, domin hakan na nufin yana fitowa da naman tudun. Masunta da makiyaya da masu noman rani da ke kwana a wurin su ne ke fara ganin waɗannan, tun kafin wata tawaga ta taso daga babban birni. Kanawa masu shekaru ba su manta ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988 ba. Mutumin da aka saba gaya masa madatsa "fashewa" take yi zai ɗauka ba abin da za a gani sai an ji ƙara, don haka ba shi da dalilin kai rahoton ruwa mai laka ga mai unguwa ko ofishin hukumar raya kogi, balle ya kwashe iyalinsa tun da rana.